Tiren Ishaya

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya sanyin Jos, ya maigida da yara? Ƙafar taki da sauƙi? Mu nan Birnin Kudu sai godiya.

Ƙanenmu Ishaya ya fito daga gidan yari, ya bar shaye-shaye, yana taya ni awon dawa a kasuwar Gwaram. Ran Lahadin godiyar kaka na lallaɓa shi muka je coci. Fasto ya yi wa'azin gafara, dattawa suna "Amin" har da share hawaye. Aka kawo abinci, maza biyar-biyar a tire ɗaya, ni ina can ina raba ruwa. Ishaya na sa hannu, kowa ya tuna da uzuri. Dattijo Dauda, mai mudun nan da aka lotsa wa gindi, shi ya fara tashi, yana dafe aljihu.

Yaron ya wanke hannu ya ce, "Yaya Bulus, a kurkuku ma tare muke ci." Tun ranar ya koma majalisar tsofaffin abokansa.

Ki sa shi a addu'a. Ki haɗa da ni, don an ce kada mu hukunta kowa, ni kuwa tuni na yanke musu nawa.

A gaida yara.

Ƙanenki,
Bulus