Na Sauya Amsar Inna a Wasiƙar Ƙanena Sojan Ruwa

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a yanke mini hukunci a ji ni tukuna, domin na gaji da ɗaukar abin nan ni kaɗai.

Ni malamin firamare ne a unguwar Madaki, Gombe. Bayan samun 'yancin kai kaɗan, ƙanena ya rubuto daga Ikko cewa an ɗauke shi aikin sojan ruwa, yana neman izinin mahaifiyarmu. Inna ba ta yi boko ba, ni ke karanta mata wasiƙa, ni ke rubuta amsa. Tun tana budurwa kogin Gongola ya ci yayanta a kan idonta, har ta tsufa ko rijiya ba ta leƙawa. Ina gama karantawa ta ce, "Rubuta masa, in ya taka jirgin ruwa ban yafe ba." Na ɗauki alƙalami na rubuta, "Inna ta sa maka albarka." Me ya kai ni? Gani na yi mu da muka yi boko mun fi ta sanin duniya. Da kunya nake faɗin wannan yau.

Ita kuma na ce mata ya ji maganarta, aikin akawu ya kama. In zai zo hutu, ni ke tarbarsa a tashar jirgin ƙasa in ce, "Kar ka sa kaki a gida, kar ka yi zancen teku, ka san zuciyarta." Sai ya ce, "To, Hamma," yadda muke kiran babban wa a nan, bai taɓa tambayata dalili ba. Aka yi yaƙin basasa aka gama, kuɗin fetur ya shigo, aka tura shi kwas ƙasar Turawa, ya yi ta samun ƙarin girma har yau shi ne kwamandan jirgin yaƙi guda. Duk inda ya zauna sai ya ce albarkar uwa ce ta kai shi. Ni kuwa in yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Bara Inna ta rasu yana can kan teku. A ciwon ajalinta ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya yi wa ɗan'uwanka albarka, da na hana shi ruwa ya hanu." To wannan albarkar tasa ce? Ko ta wani akawu ce da ni na ƙirƙiro?

Yanzu zai je ya yi mata aikin hajji. Ya rubuto mini: "Hamma, kai ne a kanta. In akwai abin da ta tafi da shi a ranta game da ni, ka faɗa mini in roƙi gafara a Arfa." Ranar Juma'a zai iso.

In na faɗa, na raba shi da abin da ya dogara da shi duk rayuwarsa, ga wadda za ta yafe tana ƙasa. In na yi shiru, zai je ya dawo bai roƙa ba. Jama'a, me zan yi?