Ruwan da Ba a Ga Hadarinsa Ba

Kai mai karanta takardun nan, ga kacici-kacici, in ka kasa ka ba ni gari: wane ruwa ne ke cin mutum da rana tsaka, sama garau, ko ɗigo bai taɓa kansa ba?

Paki, 2 ga Agusta, 1962

Zuwa ga angona Uwaisu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da malamanka. Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, kamar kaza ta bi ta kan toka.

Ubanka ya ce makarantarku ta horon malamai za ta kwashe ku a babbar mota zuwa duwatsun Azbin, wai ku koyi zaman daji. Dajin ne babu a Paki? Miji ke nan, ya bar dawa tana neman maimai ya tafi kallon dutse!

To ga abin da malamanku ba su sani ba. In ƙishi ya kama ku, nemi busasshen rafi ka tona yashi kamar yadda muke yi da bazara, ruwa na ƙasa. Ka dai dubi gabas tukuna. In babu hadari, shiga abinka. Shekara sittin gabas ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Allah ya kai, ya dawo mini da kai.
Kakarka, Mero

Agadas, 16 ga Agusta

Tsohuwa mai ran ƙarfe,

Ina gaisuwa, a gaida gida. Mun iso lafiya, gobe za mu shiga dutse a ƙafa, mu goma sha biyu da Malam Nehemiya. Nan ko ciyawar da akuyarki za ta raina babu. Jagoranmu wani Buzu ne, ga rafuka busassu da inuwa mai daɗi, amma ya ce ko zama kada mu yi a ciki. Na ce masa ina da mata a Paki da ta fi shi sanin ruwa. Bai yi dariya ba.

Ki ajiye mini ɗanyar gyaɗa, kada ki ce haƙoranki ne suka ɓata a ciki.
Angonki, Uwaisu

Zariya, 5 ga Satumba

Iya Mero,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da ta'aziyya, ni ne malamin da ya tafi da su. Na san labari ya riga ya iso gida. Na tarar da takardarki a jakarsa, na ga ya kamata ki ji yadda aka yi daga bakina.

Rana ta shida salkunan ruwanmu biyu suka fashe. Jagora ya yi gaba neman rijiya. Da azahar mutum uku sun kasa tashi. Uwaisu ya dubi gabas, ya dubi ko'ina, babu ko ƙyallin gajimare. Ya ɗauki ƙwarya ya sauka rafin, ni kuma ban hana shi ba. Ya tona, ya sami ruwa, ya miƙo mana buta uku. Yana dariya ya ce, “A gaya wa tsohuwa ta yi gaskiya.” Yana cika ta huɗu muka ji ruri daga can saman rafin, bayan wata kwana. Kafin ya fito ruwa ya cika rafin ya tafi da shi.

Kwana huɗu muna bin rafin. Hularsa kaɗai muka samu, ga ta nan na aiko. Ukun nan sun rayu.

Allah ya ba ki haƙuri.
Naki, Nehemiya

Paki, 19 ga Satumba

Malam, ɗana,

Na gode, Allah ya saka. Kada ka ɗora wa kanka, kai ba ka hana ba, ni ce na aike shi.

Hular ta iso da yashi a cikinta, ban kakkaɓe ba. Gyaɗar ma tana nan, ta bushe. Jiya maƙwabciyata Mairama ta leƙo tana tambaya ko za a yi ruwa, za ta shanya kuɓewa. Na ce ban sani ba.

Tun Uwaisu yana ƙarami ni ke ɗaure shi da kacici-kacici yana ba ni gari. Wannan karon ni na bayar, sai direban da ya kawo hular ya faɗa mini amsa. Ruwan da aka yi a kan dutse ne, tafiyar yini guda daga inda mutum yake tsaye.

Ka huta lafiya.
Mero