Hannun Rigar Malam Sanusi

Nassarawa GRA, Kano.

Zuwa ga ƙanwata Zainab,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da maigidan da yara kuna cikin ƙoshin lafiya a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa bakin ƙofa. Ni ce dai gajiya ta yi wa katutu. Wata huɗu ke nan ina fama da ɗalibai talatin da biyu ina koya musu aikin lafiya na cikin unguwa, kullum magana ɗaya, har muryata ta dushe.

Maganar 'yarki Raliya ce ta sa na ɗauki biro, gara ki ji daga bakina. Kin san duk ajin babu kamarta. Watan jiya muka tura su gwajin aiki, ita ta faɗa wani ƙaramin asibiti a Hotoro, unguwar su mijinta. Ran nan sai ga surukinta Malam Sanusi, wai kansa ke sarawa, kuma ita kaɗai ce a bakin aiki. Sau nawa na gaya musu ba a awon jini sai an naɗe hannun riga! To, yarinyar nan ta durƙusa ta gaishe shi, ta kasa buɗe baki ta ce ya naɗe. A kan babbar riga, shadda mai sitaci, ta ɗaura abin awon, kai a sunkuye, ba ta jin komai sai ƙarar yadi. Ta ce masa lafiya lau, ta ba shi maganin ciwon kai. Bayan kwana tara ya yanke jiki ya faɗi wajen alwala. Hawan jini ne. Yanzu ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma da ƙyar.

Babu wanda ya san abin da ya faru. Ita ta tako da ƙafarta har ofis ta gaya mini, tana kuka. Ta ce wallahi ta san ba daidai ba ne, bakinta ne ya ƙi buɗuwa.

Ranar Litinin aka miƙa sunayen waɗanda za a ba takardar shaida. Na shawarci abokiyar aikina Malama Milka, ta ce in rufa mata asiri tunda ta yi nadama, ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kwana uku ina juya maganar. Zainab, ban sa mata hannu ba. Za ta maimaita wata huɗun. In ta samu takardar, ƙauye za a tura ta, inda babu likita sai ita, kuma rabin masu zuwa sa'o'in ubanta ne.

In fushi za ki yi, yi da ni, zan ɗauka. Amma kada ki yi mata faɗa. Ni da ke muka koya mata kada ta ɗaga ido ta dubi babba, ana yabonta muna jin daɗi. Abin da muka shekara ashirin muna dasawa, na zaci wata huɗu zai ishe ni cirewa. Jiya na tura ta gidan Malam Sanusi ta sake auna shi. Ta dawo ta ce da kansa ya miƙo mata hannun hagu, ita ta naɗe masa rigar, don shi yanzu ba ya iyawa. Har albarka ya sa mata.

Ki gaishe mini da Alhaji Lawan, da Suhaila da Abdulbaƙi. Inna tana gaishe ku. Ki sa mu a addu'a, na gaji.

Yayarki,
Asabe