Kada Baba Ya Sa Hannu

Denver, Colorado

Yaya Royce,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba? Ka gaishe mini da Darlene da yara.

Ni lafiyata lau. Ɗakin da na kama haya ya kuɓuce mini, amma bayan motata da faɗi, a ciki nake kwana, kada ka gaya wa Mama. Da safe ina zarya a hukumar ruwa, da rana ina wanke-wanke a gidan abinci.

Yaya, abin ya ɓaci. Hukumar tana gab da barin wani kamfani ya fasa dutse ya karkato Kogin Sable zuwa sababbin unguwannin birni. Na gaya musu baƙi masu hawa kwale-kwale a kogin ne hanyar abincin garinmu, kuma kifi da barewa ba su da wani kogin. Wani mai kwat ya yi murmushi ya ce, "Baiwar Allah, kifi ba ya jefa ƙuri'a."

Na ji 'yan kamfanin sun je sayen rabon ruwan kogin da Baba ke da shi. Fari ya gama da shanunsa, ban ga laifinsa ba. Amma in ya sa hannu, maƙwabta duk za su bi. In na kira shi sai ya ce, "Ke da kifayenki!" ya kashe waya. Kai yake jin maganarka. Don Allah ka roƙe shi ya dakata har hukuma ta yi zamanta na ƙarshe.

A kogin nan ka koya mini iyo. Kada ka bari in dawo in tsallaka shi da takalmi a ƙafa.

Allah ya ba mu ruwan sama.

Ƙanwarka,
Maxine