Kawu Lisiate Ya Ƙi Shiga Gida

Pangai, Ha'apai
Ranar Talata

Zuwa ga 'yata Kalolaine,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma tari ya saki ƙaramar. Ni da mahaifiyarki muna nan ƙalau, in ban da gwiwata.

Na san labarin guguwar ya iso ku a Auckland, na kuma san yadda ake ƙara masa gishiri a can, saboda haka ga ainihin yadda ake ciki. Ina bin sanarwar rediyo, ina ɗiga matsayinta a kan tsohuwar taswirata ta makaranta. Tun jiya ta karkato kudu maso gabas, wato ta nufo mu. Na ɗaure rufi da igiya, na sa an sassare rassan mangwaro, an kuma haƙe rogo kafin ruwan gishiri ya ɓata shi.

Damuwata ɗaya ce, kawunki Lisiate, da gidansa na katako a bakin teku. Na kai masa taswirar, ya juya ta da gangan, ya ce to ga shi ya mayar da guguwar zuwa Fiji, wai ni hedimasta in je in huta. Da na nace ya yarda zai zo gidanmu, amma ya tuna mini cewa tun yana yaro bai kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da 'yar'uwarsa ba, kamar yadda al'adarmu ta tanada, kuma ba da furfura zai fara ba. Ina sa ran idan ya ji ƙarar iskar zai sauko.

Ki gaishe da kowa.

Mahaifinki,
Penisimani Fifita

Pangai, Ha'apai
Ranar Litinin

'Yata,

Ina fatan kuna lafiya. Wasiƙun biyu za su zo miki tare, domin sai yau jirgin ruwa ya samu shigowa. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Kawunki ya zo ranar Laraba da rana, ya shimfiɗa tabarmarsa a madafar da ke bayan gida. Majami'a, inda jama'a suka fake, ba ta yiwu masa ba, domin ƙanwarsa Seini tana can da jikokinta. Mahaifiyarki ta aike ni in gaya masa ita ma za ta koma majami'ar, ya shigo gidanmu na siminti. Ya ce kwanon majami'a ya tsufa, kuma ba za a ce shi ya fitar da yayarsa daga gidanta ranar guguwa ba. Na yi masa bayani dalla-dalla, har na ɗaga murya, abin da ba ɗabi'ata ba ce. Ya ce, "Suruki, je ka riƙe mata ƙofa. Ina nan kusa."

Da la'asar iskar ta kai ƙarfin da mutum ba ya iya tsayuwa. Bishiyar kwakwar maƙwabta ta faɗo kan madafar. Ba mu iya fita ba sai da iskar ta lafa, kuma a lokacin Allah ya riga ya karɓi abinsa.

Gidanmu ne kaɗai ya rage da rufi a unguwar, don haka a falonmu aka kwantar da shi. Mahaifiyarki ta ɗaura tabarmar makoki a ƙugu, ta fita ta zauna a tsakar gida cikin yayyafi. Mata sun roƙe ta, ni ma na roƙe ta. Ta ce, "Da ransa bai yarda ba. Ba zan tilasta masa yanzu da ba ya iya ƙi ba." A nan ta zauna har aka ɗauke shi washegari.

Ki rubuto mata da hannunki. Ba ta cin abinci sosai.

Allah ya tsare ku.

Mahaifinki,
Penisimani Fifita