Bushin Mai Tauri

Zuwa ga Khaulat, maman Al-Amin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin ƙara jin sauƙin jiki. Yaya wankan jego, yaya yaron? Ki gaida min Inna da Baba. Tunda wayarki ba ta kamawa a Indabo, na ba ƙanwata Hansai wannan ta kawo miki.

Gidan nan ya yi min faɗi. Na kasa zama, kullum in na taso aiki sai garejin Maikano, inda tsohuwar Fijon mahaifina take a ɗage. Na sa sunana a tseren motocin da za a yi a wani fili kusa da Kano. Na san za ki ɓata rai.

Mun sauya birki da tayoyi, mun cire kujerun baya. Saura bushin, robobin nan da ke riƙe ƙafar mota. Nata duk sun tsattsage. A shagon kayan mota akwai mai laushi, akwai mai tauri. Maikano ya ce mai taurin ba ya barin mota ta yi lilo a kwana, amma kowane rami sai na ji shi a ƙashin bayana. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan na ajiye, har mai shagon ya gaji da ni. Ƙarshe na sayi mai tauri.

Mijinki,
Ja'afar

Khaulat tawa,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da Al-Amin. Saƙonki ya iso. Ba ki yi faɗa ba, kin ce kawai in tuna ni uba ne yanzu. Da faɗan kika yi, da ya fi min sauƙi.

An yi tseren jiya. Motar ba ta ba ni kunya ba. Kwana ta farko ta shige ta kamar an ɗaure ta da ƙasa, na wuce motoci biyu, har ina jin ihun Maikano. Da muka doso babbar kwana, ina gefe da wani matashi, a cikinmu duk wanda ya fara taka birki shi ne a baya. Na san motar za ta riƙe. Wallahi na sani. Amma sai na tuna yadda yaron ya damƙe min ɗan yatsa ranar suna, ƙafata ta sauka kan birki da kanta.

Na zo na biyar. Maikano ya shiga ƙarƙashin motar yana neman abin da ya lalace, ni kuwa ina tsaye na kasa gaya masa babu komai.

Har yanzu ban san ko haushi nake ji ko daɗi ba. Ki roƙar min Inna ta bar ku ku dawo da wuri.

Naki har kullum,
Ja'afar