Sunan da Hajiya Rabi ba ta faɗa

Zuwa ga Mai Girma Mudir, Shugaban Sashen Bashin Gidaje, ofishinmu na Sultana, Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da Hajiya mahaifiyarka. Allah Ya ƙara mata lafiya.

Ranka ya daɗe, sau huɗu ina zuwa ƙofarka ana ce mini kana taro. Ban san me ake tattaunawa ba, amma Allah Ya sa a gama lafiya. Shi ya sa na rubuto wannan a buɗe: kwafi ɗaya ta fakis, ɗaya kuma na manna a gidan tuwon da ke bayan Sultana, inda mutanenmu ke cin abincin rana. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san nan aka haife ka kuma da Larabci kake amsawa, amma kana ji sarai, don na sha ganin ka yi dariya tun kafin in fassara.

Saboda masu karatu a gidan tuwo, bari in faɗi aikina. Shekarata goma sha ɗaya a kamfanin nan ina raka masu karɓar bashin gida wajen sa hannu. Jami'in bashi, wato Ustaz Mazin, shi ke amincewa da mutum, ya haɗa fayil, ya tsayar da rana. Ni kuma in duba shafuka, in bayyana wa tsofaffinmu da Hausa abin da za su dangwala wa yatsa, in kawo shaidu, in tsaya a gaban katibul adli, malamin da ke tabbatar da takardu, in fassara ba ƙari ba ragi. Idan komai ya tafi daidai, a yaba wa Ustaz Mazin. Idan aka sami tangarɗa, sai a tuna da ni.

Ga abin da ya kawo ni. Iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, za ta ƙare a ƙarshen Rajab, kamfanin nan ne kuma kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma. Ustaz Mazin ya rubuta a fayil ɗina cewa na zuga wata abokiyar ciniki ta yi shiru a gaban katibul adli, na jinkirta ciniki kwana goma. Ofishin ma'aikata ya ce ba za a sabunta mini ba sai ka yanke hukunci. Ina da mata da yara huɗu, uku suna makaranta. Don haka ga yadda aka yi.

1. Gargaɗin da na yi tun farko.

Abokiyar cinikin ita ce Hajiya Rabi, tsohuwa da ta haura saba'in. Tana amarya suka taso daga gida a ƙasa ita da mijinta, Allah Ya jiƙansa, suka daɗe da zama ’yan ƙasa. ’Ya’yanta maza uku ne: Haruna, Sani da Bello. Sun haɗa kai za su saya mata gida kusa da masallacin Ƙiblatain, da sunanta. Da yake ba ta karatu, gwiwoyinta kuma sun gaji, aka ce ta ba ɗaya daga cikinsu wakala ya sa hannu a madadinta. Ustaz Mazin ya zaɓi Haruna, don shi ne babba kuma albashinsa ya fi kyan gani a takarda.

Ina buɗe fayil na miƙe. Na sami Ustaz Mazin a teburinsa na ce a sa Sani, domin Haruna ɗan fari ne, tsohuwar Bahaushiya kuwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ko da wuƙa a wuya. Ya yi dariya har yana buga tebur, ya ce zamanin fakis muke, in bar masa tatsuniya. Wannan fa mutum ne da kakarsa, Bahaushiya, ke yi wa rabin unguwarmu daddawa.

2. Zaman farko, ranar Lahadi.

Kamar kullum, ya tsayar mana da lokaci saura minti ashirin a kira Azahar. Shekara da shekaru ina roƙonsa ya daina. A ganinsa idan salla ta matso mutane sun fi saurin sa hannu.

Muna shiga ya so ya girmama ta irin na Larabawa, ya kira ta Ummu Haruna. Sau bakwai, na ƙirga. A nan ƙasar wannan shi ne babban mutunci, kai ma Abu Yasir ake ce maka. Ita kuwa Hajiya ta ɗaga kai daga cikin lulluɓinta ta zuba wa fanka ido, kamar da bango ake magana. Har sai da Shehi, wato katibul adli, ya tambaye ni a hankali ko kunnenta na da matsala. Na ce kunnenta ya fi nawa.

Shehi ya tambaye ta wa ta wakilta. Na fassara. Ta ce Anaruwa. Shi ne sunan da take kiran Haruna da shi, don ana tsuga ruwa ta haife shi a hanya, can wajen Cadi. Shehi ya bi littafin iyali layi layi, babu Anaruwa. Ya ce ta nuna shi. Ta nuna da haɓa wajen da maza uku ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, duk cikin farar riga iri ɗaya. Bello ma har ya matso, yana zaton shi ake nufi.

A nan ne Ustaz Mazin ya raɗa mini cewa in ce kawai ta ce Haruna, wa zai sani. Na ƙi. Ranka ya daɗe, duk aikina guda ɗaya ne: abin da ba a faɗa ba, ba zan ce an faɗa ba. Ran da na fara yi, duk gidan da na tsaya a kansa a shekara goma sha ɗaya ya zama abin zargi. Muna cikin haka aka kira salla, aka rufe ƙofa.

Shehi ba shi da laifi ko kaɗan. Ga tsohuwa a lulluɓe, takarda ta ce wani, bakinta ya ce wani. Ya ce tunda haka ne, ba zai karɓi "na'am" kawai ba, sai ya ji sunan daga bakinta, kada a je akwai ɗa na huɗu da ake ɓoyewa. Ko ni ne a kujerarsa haka zan yi.

3. Zama na biyu, da dabarun Ustaz Mazin.

Na sake ba shi shawara a mayar da wakala kan Sani. Ya ce sai an sake fayil tun daga farko, ya tafi babban ofis ya dawo, sati uku. Mai gidan kuma ya ba da wa'adi zuwa Laraba ta sama, don akwai mai neman gidan ya mayar da shi masaukin alhazai.

Ranar Litinin ta makon da ya biyo sai ga Ustaz Mazin da kwali, ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe, wai ta karanta. Na tuna masa cewa rashin karatun ne ya kawo mu maganar wakala. Ya naɗe kwalinsa.

Sai ya fito da babbar dabara, wadda ya ce kwana ya yi yana tunaninta. Za a sa Hajiya ta jero sunayen Annabawa, da ta zo kan sunan sai ya ɗaga hannu, Shehi ya rubuta. Shehi ya dube shi ta saman tabarau. Hajiya kuwa ta gyara zama, don an zo fagenta. Ta jero su tiryan-tiryan, kowane da salatinsa. Ustaz Mazin ya ɗaga hannu rabi yana jira. Da ta iso wurin sai ta ce Annabi Musa da ɗan'uwansa, Allah Ya ƙara musu aminci, ta wuce abinta. Ashe shekara hamsin haka take yi.

Sani ya fita waje yana tari. Magatakardan Shehi ya sunkuya ƙarƙashin tebur neman biro, ya daɗe bai ɗago ba. Ni kuwa na fassara kamar yadda ta faɗa. A wannan yammacin ne aka rubuta cewa ni na zuga ta.

4. Yadda aka ƙare.

Ranar Talata bayan La'asar na ɗauki mai ɗakina muka tafi wurin Hajiya, a tasi, ba wanda ya aike ni. Ban lallashe ta ba, ban kuma tsoratar da ita ba. Na gaya mata gaskiya cewa idan gobe ta wuce, gida ya tafi. Ta zuba mana shayi. Ta ba mu labarin ɗakunan haya da ta zauna tun zuwanta garin nan, yadda take kwashe tukwanenta duk lokacin da aka ce za a rushe ko za a ƙara haya. Ta ce burinta ta cika a ɗakin da ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce ta tashi. Sannan ta ce amma da wane ido za ta dubi yaron nan bayan ta faɗa. Yaron nan yana da jikoki biyu.

Na ce mata ni ma ɗan fari ne, na san nauyin abin da ake nema a wurinta. Ta dai ƙara mini shayi.

Ranar Laraba ni na tsayar da lokaci, ƙarfe tara na safe. Shehi ya yi tambayarsa, na fassara. Na riga na fid da rai da Hajiya. Can sai ta sunkuyar da kai ta faɗa, sau ɗaya, da muryar da ba ta wuce tebur ba. Shehi ya ji, kuma Allah Ya saka masa da alheri, bai ce ta maimaita ba.

Haruna, mutum mai furfura a gemu, wanda ke da ma'aikata a ƙarƙashinsa, ya durƙusa a gaban kujerarta ya rufe fuska da rawaninsa, kafaɗunsa na rawa. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ranar. Shehi ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ustaz Mazin ya duba agogo, ya turo mata tawada ta dangwala.

Ciniki ya ƙullu, Hajiya ta tare. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta amma kada a karanta inda take. Ta kuma koma Anaruwa tun a cikin mota.

5. Abin da nake roƙo.

Na farko, a goge layin nan daga fayil ɗina, a sabunta mini iƙama kafin Rajab ya fita. Na biyu, a ƙara tambaya ɗaya a takardar wakala idan tsohuwarmu ce: shin wakilin ɗan fari ne? Ba ta kai rabin layi ba. Na uku, a hana tsayar da lokaci dab da Azahar, don Allah don Annabi.

Ban nemi a hukunta Ustaz Mazin ba. Yana da ƙwazo, lissafinsa ba ya kuskure, kuma sau biyu yana rufa mini asiri da na manta shafi. Abin da nake so, a ba shi hutun yini ɗaya ya je wurin kakarsa ya roƙe ta ta faɗi sunan mahaifinsa, ɗanta na fari. Idan ya dawo da shi, na yarda a kore ni. Kai ma, ranka ya daɗe, an ce kai ne babba a ɗakinku. Ba zan tambayi abin da Hajiya mahaifiyarka ke kiranka ba, amma na tabbata ba shi ne a rubuce a ƙofar ofishinka ba.

An rubuta cewa na sa tsohuwa ta yi shiru. Gaskiyar ita ce ni na sa ta yi magana, kuma abin yana damuna har yau. Mahaifiyata ta rasu a Katsina shekara uku da suka wuce, ina nan ina ɗauke da fayil ɗin kamfanin nan. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba, sai ranar Larabar nan da na ga Haruna a durƙushe. Na fita na tsaya a bakin titi na daɗe kafin in iya tsayar da tasi.

Allah Ya ƙara maka girma da adalci, Ya raya Yasir da ƙannensa, Ya ja kwanan Hajiya, Ya sa ta daɗe tana kiranka da wancan sunan. Allah Ya yi wa Ustaz Mazin albarka, Ya ba shi ɗan fari.

Wassalamu alaikum.

Sunana na iƙama yana cikin fayil ɗin da ke gabanka. Amma da wanda ita ke kirana zan sa hannu, tunda yanzu ba mai kira.

Naka mai biyayya,
Ɗan'azumi